Dodon da Ya Hau Bayan Mma

Awudu, kai da Hawa nake rubuta wa wannan babin, saboda jiya na ji ka a bakin famfo kana ba yaran layinmu labari, wai na taɓa zana dodo ya tashi da rai, ya bi Mma daga Zongo har Aboabo yana hura wuta. Hawa kuma tana gefe tana gyaɗa kai kamar da ita aka yi, ita da a lokacin ko zani ba ta iya ɗaura wa kanta ba. Ƙarin ba shi ya dame ni ba, kun san ni ma ina zuba wa magana gishiri har ta ƙi ciwuwa. Abin da ya dame ni shi ne a labarinku kowa dariya yake yi, ni kuwa har yau in na tuna sai in ji kamar in shige tukunyar koko in ja murfi. Na manyanta yanzu, na kusa sha takwas, gwiwata ma ta fara ƙara in na tashi daga tsugune. Gara in bar muku gaskiyar abin tun ina da sauran ƙarfi.

Sai kun fara gane yadda muke da Mma. Ni ce ’yar fari, Mma kuwa tana riƙe da kunyar ɗan fari yadda ta gani wurin iyayenta da suka zo daga Nijar. Ba ta kiran sunana. Ba ta yabona, ba ta shiga maganata, ba ta kallona ido cikin ido. Ku ta ɗauke ku ta yi ta juyi da ku tana muku waƙa, ni kuwa sunana a bakinta “waccan”. In tana son in yi wani abu, sai ta faɗa wa wanda ke kusa. In babu kowa, ta faɗa wa bango. Akwai ranar da na ji ta da kunnena tana cewa kyanwar gidanmu, “A gaya wa waccan wake ya jiƙu.” Kyanwar ta dube ni, na tashi na kai niƙa. Ni ma haka na taso. Duk surutun nan nawa da ke hana unguwa barcin rana, ban taɓa fara yi wa Mma magana ba, sai dai in amsa. “To” da “na’am” suka riƙe mu shekara goma sha biyar, kuma ban taɓa ganin hakan a matsayin wata matsala ba.

Shekarar da na gama jarrabawar ƙaramar sakandare, muna zaman jiran sakamako, na addabi gidan nan. Duk bangon da na samu sai na zane shi da gawayi. Ranar da mai gidan hayarmu ya shiga bayi ya tarar da kansa a jikin bango, da tumbinsa da komai, Baba ya ce gara a kai hannun nan inda zai yi amfani. Akwai wani tsoho Ba’asante a Atonsu da ya rubuta wa Baba allon rumfarsa ta albasa, ana ce masa Wofa Yaw, wato Kawu Yaw. Baba ya zaunar da ni kafin ya kai ni.

“Haruffa za ki koya,” in ji shi. “Allon shago, allon makaranta, rubutun bayan mota. Fure ma na yarda. Amma ban da abu mai ido. Kin ji ni, Ramatu?”

“Na ji, Baba. To in mai sayar da kifi ta zo fa?”

“Ki rubuta KIFI. Wanda bai iya karatu ba, hancinsa zai kai shi.”

Shagon Wofa Yaw katako ne da kwano, ciki kuma warin kananzir da fenti ya kama komai, har burodin da yake ci. A samartakarsa shi ke zana manyan hotunan sinima a kan buhun fulawa, waɗanda masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye ke ratayewa don su jawo mutane. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa “kai” ne a wurinsa, mace da namiji da akuya. Na yi watanni ina jan A da B har na fara ganinsu a mafarki suna bina da gudu. Sai wata rana ya aike ni in ɗauko masa reza a wani tsohon gwangwanin biskit, na ga wani abu a leda a ƙasan gwangwanin. Bangon wani tsohon littafin Turawa ne, saman ya yage, ko sunan littafin babu. Wata mata ce tsaye a kan dutse, takobi a hannu, gashinta yana tashi kamar ta leƙo ta tagar tiroturo, motar haya. A bayanta wani dodo mai fukafukai ya buɗe baki, wutar da ke fita daga ciki ta haska mata rabin fuska, sauran duniya kuwa duk dare ne shuɗi. Na taɓa takardar don in ji ko da zafi. Abu ɗaya ne ya sa na waiwaya in ga ko wani na kallona: kayan da ke jikin matar, in aka narkar da su gaba ɗaya, ba za su yi murfin tukunya ɗaya ba.

“Ka ga Madam,” in ji Wofa Yaw daga bayana. “Duk yaron da ya koyi aiki a hannuna sai ya kwafi Madam da fentin mai. In ka iya Madam, ka iya wuta, ka iya ƙarfe, ka iya fata, ka iya dare. Babu abin da ya rage.”

“Babana ya ce ban da abu mai ido.”

“To kai ka koma wurin A da B. Suna gaishe ka.”

Na koma, wallahi na koma. Na daure har bayan azahar.

Shi ya nuna min yadda ake wanke buhun fulawa a ɗaure shi a jikin katako har ya yi ƙara kamar ganga, a shafe shi da fari a bar shi ya sha. Ya ja zare a kan Madam ya raba ta gida-gida, ya sa na raba buhuna haka, don in kwafi gida ɗaya bayan ɗaya ba tare da idona ya yi min ƙarya ba. Wani lokaci sai ya juya hoton kai ƙasa, ya ce in daina ganin dodo, in ga duhu da haske kawai. Da ruwan ƙasa ake farawa, a tsinka shi da kananzir ya yi ruwa-ruwa, sannan a riƙa ɗora launi a kan launi, kowane da ɗan mai fiye da na ƙarƙashinsa, haske kuma shi ne na ƙarshe. Man yana cikin wata ’yar kwalba, launin zuma, kuma Wofa yana ɗiga shi kamar maganin ido. Dodon bai ba ni wahala ba, kamar dama mun san juna. Madam ce matsalar. Duk sanda na iso cikinta da cinyarta sai hannuna ya ƙi. Na ɗaura mata zani, Wofa ya sa reza ya kankare. Na sa mata doguwar riga, ya kankare. Rannan har ɗankwali na ɗaura mata.

“Ei, Ramatu! Yaƙi za shi, ba awure ba! Ni ban ce ka aure shi ba, na ce ka kwafa. Fata fenti ne kawai: ja kaɗan, rawaya kaɗan, fari, da ɗan shuɗi a inda wuta ba ta kai ba.”

Ina cikin wannan faman aka yi masa rasuwa a garinsu. Kun san Asantawa in sun tafi makoki sai ka ce ƙaura suka yi. Ya kulle shago, ya miƙo min hoton da bai kai ƙarshe ba, da fentin, da ’yar kwalbar man, ya ce in gama shi kafin ya dawo, in bar shi ya bushe, kada in bar komai ya taɓa shi. Na shigo da shi gidan nan a cikin buhu kamar mai fasa-ƙwauri. Da rana, in Baba yana kasuwa Mma kuma ta tafi sayen wake, sai in turo ƙofa in zauna da Madam. Na tufatar da ita na tuɓe ta, na tufatar da ita na tuɓe ta, har ranar da na cije na zana fatar yadda take. Ta yi kyau har ta ba ni tsoro. Sai dai man ya ƙare ƙarƙaf, ga wutar ba a yi ba, ga idon dodo, ga haƙora. Na duba kwalbar, na duba lungun ɗaki inda galan ɗin man gyaɗan Mma yake, wanda take tuyan ƙosai da shi. Launinsu ɗaya. Na ce a raina, ai mai mai ne. Na tsiyaya a murfi, na dama, buroshi ya riƙa tafiya kamar yana kan santsi. Daɗi ya kwashe ni, na bi duk hoton na sake shafawa, har cinyar Madam. Idon dodon ya fito yana ƙyalli kamar gwaiduwar ƙwai a kasko. Na tsaya ina kallon aikina ina tausaya wa Wofa Yaw, tsoho da shi bai taɓa gano wannan sirrin ba.

Sai hoton ya ƙi bushewa. Na taɓa shi washegari, ɗanye. Na taɓa shi bayan mako, ɗanye, kamar ma ya ƙara jiƙa. Ɗakin ya fara ƙamshin ƙuliƙuli. Tururuwa suka yi layi daga ƙofa, sai ka ce rabon zakka ake yi a bakin dodon. Kyanwar ma na kama ta tana shirin lasar Madam. Dole in ɓoye shi inda kyanwa ba ta kai ba, Baba kuma ba ya dubawa, kuma wuri ɗaya ne haka a ɗakin: bayan igiyar da Mma ke rataye mayafanta a jikin bango. Na jingina shi a can, fuskarsa tana kallon mayafan, na bar tazara mai kyau tsakaninsu. Abin da ban sani ba shi ne da yamma mai dako zai kawo sabon buhun wake, ya nemi wurin jingina shi, ya ga babu inda ya fi mayafan nan laushi.

Washegari ne sunan jikan Magajiya a Aboabo, ita ce shugabar ƙungiyar su Mma. A karon farko Mma aka ba koko da ƙosan suna, bayan shekaru ana ba wasu. Ta yi kwanaki tana shiri. Matan ƙungiyar duk sun sayi yayi, farin mayafi iri ɗaya, fari ƙal. Da sassafe an ɗauke wuta, ɗaki da sauran duhu, Mma ta zaro mayafinta daga bayan buhu ta yafa, aka ɗora mata tukunyar koko. Ƙamshin man gyaɗa kuwa ba abin da zai sa mai tuyan ƙosai ta waiwaya ba ne.

“A gaya wa waccan ta ɗauko ƙosan ta biyo ni,” ta ce da labulen ƙofa.

Na ɗauki roba na bi ta. Muna fitowa ƙofar gida, hasken safiya ya sauka a bayanta, na gan shi. Ga idon nan rawaya a tsakiyar kafaɗunta. Ga haƙora a jere. Ga fiffike ɗaya ya miƙe har gefen hannunta, wuta ja ta gangaro zuwa ƙugu. A ƙasa kuma, ba kai ba takobi, cikin Madam ne da cinyarta, tsirara, a bayan Mma. Ban taɓa ganin abin da aka buga ya fito tsaf haka ba. Duk takun da ta yi, dodon sai ya motsa baki.

Nan ne wurin da labarinku ba ya zuwa, Awudu. Daga ƙofar gidanmu zuwa igiyar mayafai taku kaɗan ne. Da na ce “Mma, tsaya,” da ta koma ta sauya, da sai dai a yi min faɗa a cikin ɗaki. Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe shi. Amma ta yaya ake farawa? Ni da ban taɓa ce mata ko “ina gajiya” ba sai in ta fara, yau in fara da “Mma, akwai mace tsirara a bayanki, kuma ni na sa ta”? Na nemi kyanwa in ba ta saƙon, ba ta nan. Kuma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta muni: na san in na faɗa, Atonsu ya ƙare. Sai na ce bari mu kai kwanar can tukuna. Muka kai kwana, na ce bari mu wuce masallaci. Na yanke shawarar in rufe ta da jikina, na matse mata baya har ina jin zafin tukunyar a goshina, ina karkata hagu in wani ya ɓullo ta hagu, dama in ya ɓullo ta dama. Amma ni siririya ce kamar tsinken tsire, dodon kuwa na ba shi faɗi.

“A gaya wa waccan ta daina taka min dunduniya,” in ji Mma da turken wutar lantarki.

Wani mai babur ya rage gudu a gefenmu. “Hajiya, wane fim ne? Yau za a nuna?”

“Yaran yanzu babu tarbiyya,” in ji Mma, ba ta ko karkata wuya ba.

Wata mai sayar da burodi ta dafe ƙirji ta kira sunan Ubangiji da yarensu, “Ei, Awurade!” Yara uku suka biyo mu, suka zama bakwai, suka zama duk yaran da aka haifa a Kumasi tun da aka kafa ta. Sai wata tsohuwa mai sanda, wadda ba ta san mu ba, ta tsaya a bakin kwata ta ɗaga hannu da niyyar alheri.

“Baiwar Allah, bayanki akwai…”

“Ina kwana, Kaka! An tashi lafiya? Ya ƙafa? Ya jikoki?” Na yi ta kwarara mata gaisuwa da ƙarfi har muka wuce ta.

Wannan gaisuwar ita ce abin da ya fi komai hana ni sakewa in na tuna. Man gyaɗa wauta ce. Buhun wake tsautsayi ne. Amma tsohuwar nan ta zo za ta yi wa Mma abin da ni na kasa, na toshe mata baki da ladabi.

Muka isa Aboabo. An kafa rumfa a ƙofar gidan Magajiya, maza a kan tabarmi a gefe guda, mata a kujeru, duk fari kamar an juye buhun gishiri. Mma ta yi sallama, ta juya musu baya ta durƙusa don a sauke mata tukunya. Hayaniyar ta mutu. Har mai buɗa ta tsaya da bakinta a buɗe. Wani yaro ya ce “Dodo!” ya shige zanin uwarsa. Magajiya ta gyara tabarau, ta sunkuyo ta duba sosai.

“Safiya,” ta ce, “wa kika goyo mana haka?”

Dariyar da ta tashi, na tabbata an ji ta har fadar sarkin Asante a Manhyia. Na ga wayoyi suna ɗagowa. Mma ta kamo gefen mayafin ta jawo shi gaba, ta dube shi. Ta daɗe tana dubawa, daga ido zuwa haƙora zuwa cinya. Ina tsaye kusa da ita da robar ƙosai a ka, ina jira ta juyo ta dube ni, ta mare ni, ta yi wani abu. Ba ta juyo ba. Wata ta kawo mata aron mayafi kore daga cikin gida, ta shiga zaure ta sauya, ta ninke farin da fentin a ciki, ta sa a ƙasan kwando.

“Wane mara kunyar ne ya yi miki wannan?” in ji Magajiya.

“Abin gida ne,” in ji Mma. “A miƙo kofuna, kokon zai huce.”

Ta raba kokon nan har ƙasan tukunya, kore ɗaya a tsakiyar farare, ko ɗigo bai zube mata ba. Ni ce na zubar da ƙosai sau biyu.

Kafin mu dawo gida hoton ya riga mu, Baba ya gan shi a wayar maƙwabcin rumfarsa. Ya jawo buhun wake, ya zaro abin da ya rage na aikina, duk ya dame kamar an taka tumatir. Bai ɗaga murya ba.

“Ido nawa ne a nan, Ramatu?”

“Huɗu ne, Baba. Ɗaya ya tafi da Mma.”

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, bakin nan nawa da ya ƙi buɗuwa a inda ake bukatarsa. Baba ya tattara buroshina ya sa a aljihu, ya ce Atonsu ya ƙare, daga gobe ina bakin kasko. Haka aka yi. Kuma a bakin kaskon ne na ga abin da na jawo. Samari su zo su ce a ba su ƙosan dodo. Yara su tsaya daga nesa su kira “Mma Dodo” su ruga. Da aka yi wani sunan a ƙungiya, wata aka ba kokon. Mma ba ta ce min komai ba, ko ta bango, ko ta kyanwa. Ta wanke mayafin da kananzir da sabulu har hannunta ya yi fari, Madam ta fita, wutar ta fita, idon ya ƙi. Ni kuma na daina surutu. Kai da kanka, Awudu, ka tambaye ni ko zazzaɓi nake yi.

Da Wofa Yaw ya dawo bai gan ni ba, sai ya biyo sawu har wurin tuyarmu, da baƙin zanen makoki a kafaɗa. Na ɗauko masa gawar hoton. Ya shinshina, ya dangwala yatsa, ya sake shinshinawa.

“Kai, fenti ka yi ko miya? Man gyaɗa ba ya bushewa, Ramatu! Ko jikanka ya zo ya taɓa, zai shafa a hannu!”

Sai ya hango mayafin a kan igiyar shanya. Ya je ya tsaya a gabansa, ya karkata kai.

“Amma idon nan daidai ne,” ya ce a hankali. “Yarana da yawa sun yi Madam. Ba wanda idonsa ya kalle ni haka.”

Mma tana juya ƙosai, kamar ba ta ji ba. Wofa ya jira Baba ya dawo, ya roƙe shi ya bar ni in koma, Baba ya ba shi kujera da ruwa da girmamawa, ya ce a’a. Na ɗauka magana ta mutu. Da yamma bayan an ci tuwo ina bayan labule ina wanke kwanuka, sai na ji muryar Mma.

“Malam, ina da magana a kan waccan.”

Cokalin da ke hannuna ya faɗi. Baba ya yi gyaran murya.

“Ke? A kan ’yar fari? Safiya, yau kuma kunyar ina ta tafi?”

“Na kashe ta a Aboabo, kaɗan ta rage min. An riga an yi min dariyar, Malam. Har a waya ina yawo, an ce har Accra an gan ni. In ta daina yanzu, a banza aka yi min ita. Ta koma ta koya har ta iya, in san abin da na goya.”

“Abu mai ido fa?”

“Wannan tsakaninka da malamai ne, ni ban yi karatu ba. Na dai goya shi daga nan har Aboabo, bai cije ni ba.”

Ban taɓa jin Mma ta yi magana mai tsawon haka a kaina ba, kuma na san wahalar da ta sha kafin maganar ta fito. Na so in ji daɗi, amma sai na ji kamar an ƙara min dutse a kan wanda nake ɗauke da shi. Baba ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce in koma, amma abin da aka zana a Atonsu ya kwana a Atonsu, ko gashin girarsa ba ya son gani a gidan nan.

Washegari da safe muna bakin kasko mu biyu, masu saye ba su fara zuwa ba. Babu bango kusa, babu kyanwa, babu ku. Mma tana kallon mai yana tafasa ta ce, “Tun daga ina kika gan shi?”

Na waiga hagu da dama ina neman wanda take yi wa magana.

“Ke nake tambaya.”

“Tun daga ƙofar gida, Mma.”

Ta juya ƙosai ɗaya, ta juya wani. “Duk hanyar nan.”

“E.”

“Da bakin nan naki da ba ya hutawa.”

Na sunkuyar da kai har hayaƙi ya shige min ido, na ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifin hawayen. Ta tsame ƙosan ta zuba a kwando, ta sake ɗiga wani ƙullun, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Gobe in kika ga abu a bayana, ki faɗa min. Ba ni da ido a can. Ke ce a bayana.”

Na koma Atonsu. Na sake yin Madam daga farko, da man da ya dace, ta bushe ƙayau, tana rataye a shagon Wofa Yaw har yanzu, kuma Mma ba ta taɓa ganinta ba, ba ta kuma tambaya ba. Galan ɗin man gyaɗa dai tun daga lokacin da kwado a bakinsa. Mayafin yana ƙasan akwatinta, in kun ga ta buɗe kada ku tambaya. Wasu har yau Mma Dodo suke ce mata, kuma kokon sunan ƙungiya bai dawo hannunta ba. Don haka, Awudu, in za ka ba da labarin a bakin famfo, ka sa wutarka, ka ƙara masa kai biyu in kana so, ni ma da haka zan yi. Amma kada ka ce dodo ne ya bi Mma har Aboabo bai ce komai ba. Ni ce.

Makon jiya muna tafiya niƙa, ina bayanta, na ga zaren buhu ya maƙale mata a mayafi. Ɗan zare ne, ko kaza ba za ta kula shi ba. Amma na buɗe baki.

“Mma, tsaya. Akwai zare a bayanki.”

Ta tsaya. Na cire. Akwai wata akuya kwance a bakin hanya tana tuƙa, Mma ta dube ta.

“A gaya wa waccan na ji,” ta ce, muka ci gaba da tafiya.